Ƙafar Arlen Kovarik a Kan Burki

Arlen Kovarik bai taɓa shanye kofi a zaune ba. Ko a coci, in fasto ya ja wa'azi, gwiwarsa ce za ta kama rawa har benci ya ɗauka, sai matarsa Lorna ta ɗora hannu ta danne ta. A gidan abincin bakin titi akwai kujerar da kowa ke kira ta Arlen, amma hularsa ce ke zama a kai. Shi yana tsaye yana hira, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi ƙofa.

A gonar shanu aka haife shi, nan yammacin Wisconsin, na uku cikin 'ya'ya biyar. Yana da shekara sha tara arzikin ubansa ya karye, aka yi gwanjon garken a tsakar gida. Maƙwabta suka zo suka tsaya hannu a aljihu, kowa ya sayi abin da ba ya buƙata da tsada, ba wanda ya ce sannu. Mu haka muke. In masifa ta faɗa wa mutum, sai a ajiye masa tukunyar abinci a bakin ƙofa, a yi masa zancen ruwan sama, a juya. Arlen ya rabu da shanu amma bai rabu da madara ba. Ya kama tuƙin tanka, ya yi shekara talatin da huɗu yana kwashe madarar wasu yana kai wa masana'antar cuku da ke gindin kwari.

Aikin ba tuƙi ba ne kawai. Gona goma sha ɗaya yake bi. In ya isa sai ya yi baya-baya da tankar har jikin ɗakin madara, ya shiga ya ɗaga murfin tankin sanyi, ya sunkuya ya shaƙa. Hancinsa ne ke yanke hukuncin farko. In madara ta fara juyawa shi zai fara sani, kuma in ya ce a'a, to galan dubu ya bi kwata. Sannan ya duba sanyinta, ya karanta sandar awo, ya ɗebi samfur a 'yar kwalba, ya jona tiyo. A aljihun rigarsa kullum akwai ledar ɗanyen cuku, irin wanda ke kuka a haƙori, saboda yaran gonaki. Suna jiyo ƙugin tankar daga kan tudu sai su fito a guje, karnuka a gaba, ƙananan a baya suna faɗuwa suna tashi.

Wata kaka, cikin Oktoba, ya tsaya a kantin magani sayen batir, aka ce masa ga allurar rigakafin mura. Duk shekara yana yi. Ya naɗe hannun riga a tsaye, aka yi, ya fita. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ya fara jin kamar tururuwa na yawo a yatsun ƙafarsa. Ya ce takalmi ne, ya sayi sabo. Tururuwar ta hau ƙwauri. Ran nan a gonar Delbert Ruud ya ja tiyo zai mayar, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zauna daɓas cikin taɓo.

Delbert tsohon manomi ne, jikan mutanen Norway, Arlen kuma jikan mutanen Bohemiya, sun fi shekara talatin suna zagin juna. Ya leƙo daga ɗakin tatsa.

"Au, yau hutu ake yi? In kawo maka matashin kai?"

"Kawo min hannunka dai, tsohon banza."

Delbert ya miƙa hannu ya ja, ya ji mutum ya taho masa kamar buhun dusa. Bai ƙara wasa ba. Ya je ya fito da motarsa.

A asibiti suka ba cutar suna, Guillain-Barré. Arlen bai taɓa iya faɗinsa ba, ciwon Faransawan nan yake ce mata. Likita ta ce garkuwar jikinsa ce ta rikice ta afka wa jijiyoyinsa, kuma cikin mutum miliyan da aka yi wa allurar, ɗaya ne ko biyu ke gamuwa da haka.

"Kin ji, Lorna? Shekara nawa ina sayen tikitin cacar nama a mashaya, ko ƙafar kaza ban taɓa ci ba. Sai wannan ce ta faɗo kaina."

Bai daɗe yana barkwanci ba. Abin ya hau cinya, ya hau ƙugu, ya kama hannaye, ya tsaya dab da ƙirji. Mutumin da ba ya iya zama a benci aka kwantar da shi yana kallon silin, ko ƙuda bai iya kora. Ya haddace motsin kowace mota da ke wucewa a ƙasa. Yana jin babbar mota ta canza giya a kan gada sai ya ce, "Wannan zai kashe kuloci," Lorna ta ce, "To ba naka ba ne, buɗe baki ga miya."

Cikin wata huɗu ya miƙe. Hannaye suka dawo, ƙarfi ya dawo, cin abinci ma ya dawo har da ƙari. Abu ɗaya ya ƙi dawowa. Daga idon sawu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ƙafafun suna tafiya, suna ɗaukarsa, amma kamar na aro, kamar an naɗe su da bargo.

Ga kuma matsalar: direban babbar mota sai da takardar likita, kuma ba likitan da zai sa wa mutum hannu in ba ya jin burki. Saboda haka da likitar jijiyoyi ta tambaye shi yaya ƙafafun, ya ce, "Ba laifi. Akwai waɗanda suka fi ni shan wuya." Ta ce ya rufe ido za ta tsira masa tsinke a tafin ƙafa. Ya rufe ɗaya da rabi. Yana ganin kafaɗarta ta motsa sai ya ce, "Na ji." Ta rubuta cewa ya warke sarai. Wajen likitan lasisi ma haka ya yi. Watan Maris ya koma kan tankarsa.

Tankar madara ba ta da shamaki a cikinta, saboda dole a wanke ta tas kullum. In ka taka burki da ƙarfi, madarar gaba ɗaya za ta taho ta doki gaban tankin ta tura motar, ko kana so ko ba ka so. Ƙafa mai laushi take so. Arlen ya zauna, a tsaye dai, ya yi wa abin dabara. Yana shiga mota sai ya cire takalmin aiki ya sa wani na fatar barewa da Lorna ta saya masa don zaman gida. Ya koyi jin burki da gwiwa. Ya koyi sauraron fitar iska, ya koyi jin madarar a bayansa ta jikin kujera. Ya rage gudu. Yakan fara tsayawa tun daga nesa. Ya gaya wa kansa cewa ba wanda ya lura, kuma ba wanda ya ce masa ya lura.

Lorna ce ta tayar da maganar diyya. Ita ke dafa wa yaran firamare abinci, ita ke riƙe da gida, ta kuma ga yadda jinyar ta cinye abin da suka tara na tsufa. Wata nas ta gaya mata akwai kotu ta musamman a Washington don irin wannan, da asusun da gwamnati ke tarawa daga kowace allurar da aka sayar.

"Mu ba ma kai ƙara," in ji Arlen.

"Ba ƙarar kowa ba ce. Ba mai kanti, ba likita. Kuɗin an ajiye shi ne don wanda tsautsayin ya faɗa wa, kai ne kuwa."

"Da lauya za a biya..."

"Asusun ke biyansa. Na tambaya. Ungo biro."

Ya sa hannu a takardar yana ɗaure igiyar takalmi, ya manta da zancen. Shekara biyu suka wuce.

Wata ranar Afrilu lauyar ta zo gida da kanta. Sheng Moua sunanta, 'yar ƙaramar mace mai sauri, iyayenta 'yan ƙabilar Hmong ne da suka yi hijira daga ƙetare, suna sayar da kayan lambu a kasuwar garin Eau Claire. Lorna ta zuba mata kofi, ta yanka mata burodin zabibi. Arlen ya sauko daga bene yana kallon ƙafafunsa, mataki bayan mataki, ya tsaya jikin firji.

"Mista Kovarik, ba za ka zauna ba?"

"Arlen kawai. Ina ji daga nan."

"To, Arlen. Lauyoyin gwamnati sun yarda da rabi. Sun yarda an yi maka allura, sun yarda ciwon ya zo a lokacin da ya kamata a ce ita ce. Sauran rabin ne ya tsaya. Doka ta ce sai in larurar ta wuce wata shida tana damun mutum. Takardunka sun ce ka warke a wata na huɗu."

"To ai shi ke nan."

"Ko dai ka warke da gaske, in taya ka murna in rufe maganar, ko kuma akwai abin da ba ka faɗa ba." Ta ɗan kurɓi kofi. "Mutum mai lafiyar ƙafa ba ya kallon matakalar gidansa."

Ya buɗe firji, ya rufe. Ba abin da yake nema.

"In akwai fa?"

"Sai a yi maka gwajin jijiya da na'ura, wadda ba ta tambayar ra'ayinka. Sai ka yi rantsuwa ka faɗa wa kotu. Sai in samo waɗanda suka gani da idonsu."

"Likitan lasisi zai ji?"

"Zai tambaye ka, kuma ba zan ce ka yi masa ƙarya ba."

"Wato in ba ku tankata, ku ba ni takardar diyya."

"Ban ce cinikin yana da daɗi ba."

Lorna tana goge teburin da ba shi da datti. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bara ka yi yini guda da ƙusa a cikin takalmi. Ni na wanke safar."

"Ƙaramar ƙusa ce."

"Safar dai na jefar."

"Lauya, rufe maganar. Na gode da zuwa, titi akwai santsi, ki bi a hankali."

Sheng ba ta yi musu ba. Ta ce kotu ta ba ta zuwa ƙarshen watan gobe, ta roƙi abu ɗaya: ya bar ta ta bi shi zagaye ɗaya a motarta, ta gaisa da manoma. In duk sun ce lafiyarsa lau, za ta rufe. Arlen ya yi dariya har da buga firji. Ya san mutanensa.

Ranar Asabar suka fita, tanka a gaba, 'yar motar Sheng a baya. Gona ta farko, manomin ya cire safar hannu ya gaishe ta ya ce, "Arlen? Lafiyarsa lau." Ta biyu, "Ƙalau yake, ya fi ni ma." Ta uku, matar gidan ta ba ta kwalbar zuma ta ce ita ba ta ga komai ba. Arlen yana jan tiyo yana fito. Duk gonar da suka bari sai ya leƙo ta taga ya ɗaga wa Sheng yatsu, uku, huɗu, biyar.

Ta shida ita ce ta Delbert. Arlen ya shigo ƙofar, ya yi baya, ya tsaya daidai. Ya canza takalmi ya diro. Yana cikin ɗakin madara, ƙofa a buɗe, ya jiyo su a waje.

"Ke ce lauyar? Wannan ɗan Bohemiyan ai ko guduma aka buga masa a ka, gudumar ce za ta je asibiti. Lafiyarsa lau."

"Na ji daɗi. Mista Ruud, wancan kututturen simintin na bakin ƙofa na mene ne?"

"Ginshiƙi ne a da. Mun cire."

"Me ya same shi?"

"Ya ruɓe."

"Na ga guntun ƙarfe a ciki."

Delbert ya yi tari. Ya ce da alama za a yi ruwa da yamma.

Arlen ya saki murfin tanki ya fito. Ya dubi ƙofar da yake shiga kullum. Gaskiya ta yi faɗi. Ya daɗe yana jin daɗin yadda hannunsa ya ƙware a wannan kwanar, bai taɓa tambayar ina ginshiƙin ya tafi ba.

"Del. Yaushe ka cire shi?"

"Ka je ka ɗauki madararka, tana ɗumi."

"Na ce yaushe?"

"Bayan ka kankare shi karo na biyu." Delbert ya cire hula ya duba cikinta. "Ba ka ma ji ba. Ka wuce kana ɗaga min hannu."

"Kai kaɗai?"

"Kai, Arlen, bar wannan zancen mana."

"Tsohon banza mai cin ruɓaɓɓen kifi, ina tambayarka. Kai kaɗai?"

"To, tunda ka matsa. Su Vern maƙwabtana sun mayar da tankin gas ɗinsu bayan rumbu. Na ƙasan kwari sun zuba tsakuwa sun faɗaɗa kwana. Ba wani abu ba ne, da ma duk aikin da ya kamata a yi ne." Ya mayar da hular. "Sai kuma wayar."

"Wace waya?"

"In ka bar gona, sai a kira ta gaba a ce ka taso. Don a shigar da yara da karnuka."

Arlen ya kai hannu aljihun rigarsa. Ledar cukun tana nan cike. Shekara biyu ke nan yana komawa da ita gida cike, yana gaya wa Lorna cewa yaran zamani waya ta cinye su, ba sa fitowa waje.

"Wa ya shirya wannan?"

"Ba wanda ya shirya. Bayan coci ne, ana shan kofi, wani ya ce kaza, wani ya ce to."

"Gona ta farko fa? Wa ke kiranta?"

Delbert ya dubi Sheng kamar za ta cece shi. Ta dubi kututturen siminti.

"Wa kake tsammani? Wa ke ganin fitarka daga gida?"

Arlen ya koma ɗakin madara. Ya karanta sandar awo sau biyu don karon farko bai shiga kansa ba. Ya ɗebi samfur, ya jona tiyo, ya kwashe, ya wanke, ya naɗe. Madara ba ta jiran kowa, ga gona biyar a gaba, ga tanka rabi, lokacin da ta fi turi. Ya hau. A madubi ya ga Delbert ya juya baya, hannu ya shiga aljihun wando inda wayarsa take.

Gona ta bakwai ta Corinne Bautch ce, mace mai yara huɗu da mijinta ke aikin dare a gari. Daga kan tudu Arlen ya hango tsakar gidan. Fayau. Keken yara mai ƙafa uku an ɗora shi kan baranda. Kare yana haushi daga cikin gareji. A tagar kicin ga kawuna uku a jere, hanci manne da gilashi, ƙaramar tana ɗaga masa hannu.

Ya fara taka burki tun daga nesa. Madarar ta taho ta doki gaba, tankar ta ƙara taku biyu bayan inda ya so ta tsaya. Kullum haka take yi. Yau ne kawai ya dubi inda tayar ta tsaya, ya ga wurin da yara ke zana layin wasansu da alli.

Ya kashe inji. Ya kira masana'anta ya ce a turo wani direba gonar Bautch, ga makulli a jiki, gona huɗu sun rage bayan wannan, kuma a yi sauri. Aka tambaye shi ko motar ce ta lalace. Ya ce motar lafiyarta lau.

Corinne ta fito tana goge hannu a jikin riga.

"Arlen, ka sha kofi?"

"Na sha. Ki bar su su fito, na kashe ta."

Fuskarta ta yi ja. "Ai sanyi ne ya sa na..."

"Na sani. Akwai sanyi."

Yaran suka fito a guje, ya raba musu cukun. Sannan ya kama zarya tsakanin tanka da bakin titi, yana taɓa jikin tankin da tafin hannu, yana duba hanya, yana zagin direban da bai iso ba. Da ya iso, Arlen ya bi shi da bayani har taga: gona ta tara sandar awonsu ta ɗan karkace, ta goma karensu na cizo, kada ya yarda da kwanar gada. Mutumin ya ce ya ji, ya ja. Sheng ce ta kai Arlen gida, takalmin fatar barewar a kan cinyarsa.

Lorna tana feraye dankali. Ta gan shi da rana tsaka, ta ga takalmin, ta ajiye wuƙa.

"Shekara biyu, Lorna. Kina ba ni sanwici a leda, ina fita kina ɗaukar waya."

"Eh."

"Kin mai da ni abin tausayi a gari. Ana shan kofi da sunana."

"Ba wanda ya tausaya maka. Tsakuwa suka zuba."

"Ba sai ki gaya min ba?"

"In gaya maka me? Abin da ka riga ka sani? Ƙafarka ce fa, ba tawa ba." Ta nuna taga. "Kullum ka fita sai in tsaya a wannan tagar har in ji ka sauka tudu lafiya. Ka zaci ni daɗi nake ji? Na ce in na yi magana za ka ce ba komai, ka fita ka ƙara gudu don ka nuna min."

Gaskiya ne, da haka ɗin zai yi.

Ya zagaya teburin, ya je taga, ya dawo, ya ɗauki dankali ɗaya ya juya shi ya ajiye.

"Ina lambar lauyar?"

"Tana waje, ba ta tafi ba. Je ka ce ta shigo ta ci abinci."

Aka yi gwajin. Na'urar ta nuna abin da ke akwai. Likitan lasisi ya karɓe takardarsa ta tuƙi cikin ladabi, har ya raka shi ƙofa. Watannin da suka biyo baya Arlen ya yi wa gareji fenti, bai gamsu ba ya sake. Ya kwance injin yankan ciyawa da ba abin da ya same shi. Ya jera kayan kicin bisa tsawo, Lorna ta ce in ya ƙara taɓa mata tukunya za ta kai shi gidan tsofaffi da hannunta.

Zaman kotun ta bidiyo aka yi, a ofishin Sheng. Mai shari'ar mace ce mai furfura, fuskarta a jikin bango. Lauyan gwamnati ya tambaye shi a hankali ko gaskiya ne ya yaudari likitoci biyu.

"Gaskiya ne."

"To me zai sa kotu ta yarda da kai yanzu?"

"Kada ta yarda da ni. Ga sakamakon na'ura, ga kuma wancan tsohon."

Delbert ya zo cikin kwat ɗin da yake sa wa jana'iza. Aka rantsar da shi, aka tambaye shi yaushe ya lura. Ya ce Arlen ya kankare masa ginshiƙi karon farko cikin Afrilu, na biyu kuma cikin Agusta, ba zai manta ba don suna yankan ciyawa na uku. Mai shari'ar ta cire tabarau.

"Mista Ruud, me ya hana ka yi masa magana?"

"Ranki ya daɗe, in ce masa me? Babban mutum ne. Cire ginshiƙi ya fi sauƙi."

Hukuncin ya fito da kaka, an ba shi diyya. Ta rufe ramin da jinya ta haƙa, ta ɗan yi saura. Tanka kam ta tafi, wani ke jan ta yanzu.

Abu na farko da ya yi shi ne kai a-kori-kurarsa wani gareji a Eau Claire, aka ɗaura mata sandar hannu a gefen sitiyari. In ka ja, mota ta tafi. In ka tura, ta tsaya. Malamin tuƙi ya yi masa darasi, ya ce ya je ya yi ta gwadawa a fili kafin jarrabawa, kuma kada ya hau shi kaɗai. Lorna ta ce ita tana da 'ya'yan mutane da za ta ciyar. Saboda haka Delbert ne ya tsinci kansa a kujerar gefe, a filin baje kolin gunduma da babu kowa sai tattabaru, ya ɗaura bel ya riƙe gaban motar da hannu biyu.

"Turawa ne burki ko ja?"

"Turawa."

"Ka tabbata? Ka sake tunani, ina da shanu sittin da ke jirana."

Arlen ya ja sandar. Motar ta yi tsalle, tattabaru suka watse. Ya tura, ta tsaya cak, hular Delbert ta faɗa kan gwiwarsa.

"Allah ya isa! Shekara talatin da huɗu kana tuƙi, ashe ba ka iya ba."

"Yi min shiru, ina ji da hannu." Ya sake ja, a hankali wannan karon, motar ta mirgina sumul ta bi gefen rumfunan shanu. Ya zagaya fili sau ɗaya, ya sake zagayawa. A zagaye na uku bai karya kwana ba, ya miƙe ya nufi ƙofar fita.

"Kai, kai! Malamin cewa ya yi cikin fili. Ina za mu?"

"Zuwa ƙofa kawai in dawo."

"Ƙarya kake, na san fuskar nan."

"To sauka ka buɗe ta, in ga ko zan iya tsayawa daidai bakinta."

"In tsaya a gabanka? Ni?" Delbert ya ƙara jan bel ɗinsa. "Koma ka sake zagaye. Goma za ka yi, ina ƙirgawa."

Arlen ya yi tsaki, ya tura sandar, ya juya sitiyari.